Yadda Ake Haɗa Tawagar Maza Ta Ninkayar Karɓa-Karɓa Don Gasar Duniya

A takarda lissafin ninkayar karɓa-karɓa ba shi da wuya. Ka ɗauki lokutan mutum huɗu ka haɗa, tawagar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce zakara. Amma da an shiga ruwa sai lissafin ya canza. Akwai canji uku tsakanin 'yan wasa, akwai wanda za a sa a gaba da wanda za a bari a baya, akwai igiyar ruwan da abokin hamayya yake tayarwa, akwai kuma zuciyar saurayin da ya ga an tsere masa da tsawon jiki guda. A waɗannan wurare ake ci, a nan kuma ake faɗuwa. Wannan jagora ta koci ce, da ɗan wasan da yake fatan shiga tawagar ƙasarsa, kuma ta tsaya kan tseren maza guda biyu na salon firistayil: na mutum huɗu kowa mita 100, da na mutum huɗu kowa mita 200.

Mataki na farko: san filin da dokarsa

Ana manyan gasannin ne a kwamin ninkaya mai tsawon mita 50, faɗin kowane layi mita 2.5, zafin ruwan kuma tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin salshiyos. Hukumar da ke tsara dokoki ita ce World Aquatics, wadda aka sani da FINA kafin ta sauya suna a Disambar 2022. Tseren 4×200 na maza yana cikin gasar Olamfik tun 1908 a Landan, shi kuwa 4×100 sai a 1964 ya shigo a Tokyo. Gasar ninkaya ta duniya an fara ta a 1973 a Belgrade.

A firistayil doka ta bar wa ɗan wasa zaɓin salo, sai dai kowa rub-da-ciki yake yi yana sara ruwa da hannu bi da bi, domin babu salon da ya kai shi gudu. Abubuwan da dole yaranka su haddace ba su da yawa. Bayan tashi da bayan kowane juyi, kai ya fito saman ruwa kafin a wuce mita 15. A kowane ƙarshen kwami wani sashe na jiki ya taɓa bango. Ba a jan igiyar layi, ba a tafiya da ƙafa a ƙasan kwami. Kayan ninkayar namiji tun 1 ga Janairun 2010 na yadi ne kawai, daga cibiya zuwa gwiwa. Sai babbar doka, wadda ta fi kowace cinye tawagogi: ƙafar mai tashi ba za ta rabu da dakalin tashi ba sai mai isowa ya taɓa bango.

Ka kuma riƙe wannan, domin zai yi maka amfani wajen jera mutane: lokacin ɗan wasan farko kaɗai ake karɓa a matsayin tarihin mutum ɗaya, saboda shi ne yake tashi da ƙarar na'ura kamar a tseren kowa-tasa. Ko da daga baya an soke tawagar saboda laifin wani, tarihinsa yana nan. Ta haka Pan Zhanle na ƙasar Sin ya kafa tarihin duniya na mita 100 da sakan 46.80 a Doha a Fabrairun 2024, yana buɗe wa tawagarsa tsere.

Mataki na biyu: zaɓi mutum shida ko takwas, ba huɗu ba

Kocin da ya tafi gasa da mutum huɗu cif ya ɗaure kansa. Mura ta kama ɗaya, ko wani ya fito daga tserensa na kansa a galabaice, shi ke nan. Manyan ƙasashe sukan ɗauki mutum shida daga gasar tantancewa ta gida a mita 100, haka ma a mita 200, sannan su ƙara da wanda yake cikin tawaga don wani tsere amma yana da gudu a firistayil.

Wajen zaɓe kada ka dogara da mafi kyawun lokacin da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa. Duba abin da ya yi a wannan kakar, sau nawa ya maimaita, kuma da safe ya yi ko da yamma. Wasu yaran jikinsu ba ya tashi sai bayan la'asar, kai kuwa zagayen share fage da safe ake yinsa. Bayan haka ka buɗe wa kowa shafi biyu a littafinka: lokacinsa idan ya tashi daga tsaye, da lokacinsa idan ya tashi da canji. A ƙa'ida na biyun ya kamata ya fi na farkon sauri da rabin sakan zuwa kashi bakwai cikin goma na sakan, saboda mai tashi da canji yana ganin abokinsa na zuwa, ya riga ya fara motsi tun kafin a taɓa bango. In ka ga yaro yana samun abin da ya wuce haka a kai a kai, ka samu ɗan tawaga na gaske, irin wanda jama'a ke ƙara masa wuta. In kuwa lokutansa biyu kusan ɗaya ne, ko dai bai iya canji ba, ko kuma wurinsa shi ne buɗe tsere.

Mataki na uku: kada ka raina zagayen share fage

A karɓa-karɓa babu zagayen kusa da na ƙarshe. Daga share fage, tawagogi takwas mafiya gudu su ne za su dawo. Wadda ta fi kowa tana samun layi na 4, sai 5, 3, 6, 2, 7, 1 da 8. Doka ta yarda ka sauya mutane tsakanin safiya da yamma, kuma duk wanda ya yi ninkaya a share fage yana samun lambar yabo idan tawaga ta ci. Alain Bernard na Faransa ya samu zinarensa na 4×100 a Olamfik ɗin Landan a 2012 ta wannan hanya, bai shiga zagayen ƙarshe ba.

Jarabar da ke kama koci ita ce ya ajiye dukkan zaratansa ya tura 'yan baya. Wani lokaci dabarar takan yi kyau matuƙa. A Olamfik ɗin Beijin a 2008 'yan bayan Amurka sun karya tarihin duniya tun a share fage da 3:12.23, kuma Cullen Jones, wanda ya fi sauran gudu a cikinsu, ya samu gurbi a zagayen ƙarshe. Wani lokacin kuma takan juye da mai ita. A gasar duniya ta Kazan a 2015, Amurka da Ostareliya duka biyun sun kasa kai bantensu a 4×100, suka koma 'yan kallo Faransa ta ɗauke zinare.

Abin da za ka yi shi ne ka zauna da jerin ƙasashen da suka shiga, ka ƙiyasta lokacin da zai kai tawaga matsayi na takwas, ka cire sakan guda daga ciki don tsaro, sannan ka haɗa huɗun da za su iya wannan lokacin ba tare da addu'ar sa'a ba. In lissafin bai kai ba sai da gwarzonka, sa shi. Hutun da ka tanadar masa ba shi da amfani idan a kan benci zai kalli zagayen ƙarshe. Ka kuma faɗa wa 'yan safiya tun da wuri gurbi nawa ne a buɗe da yamma da kuma yadda za a cike shi. Yaron da ya san agogo ne zai yanke hukunci, ba son ran koci ba, zai ba ka duk abin da yake da shi.

Ga ƙananan ƙasashe ma share fagen shi ne gasar. Tawagogi 16 aka ɗauka a kowane karɓa-karɓa na Olamfik ɗin Paris 2024, kuma an cike su ne da lokutan gasar duniya ta Fukuoka 2023 da ta Doha 2024.

Mataki na huɗu: jera su

Tsohon tsarin da kowa ya gada shi ne na biyu a gudu ya buɗe, na uku da na huɗu su riƙe tsakiya, gwarzo ya rufe. Ba laifi a fara tunani daga nan, amma kada a tsaya a nan.

Mai buɗewa yana buƙatar tashi mai kyau daga tsaye da kuma kai mai sanyi, domin shi kaɗai ne yake jiran ƙarar na'ura, kuma kuskure ɗaya a tashi kora ce. Amfanin sa mai gudu sosai a gaba shi ne ruwa mai tsabta: wanda yake kan gaba ba ya shan igiyar ruwan kowa, musamman bayan juyi, inda ruwan da mutum takwas suka turo yake dawowa daga bango. Afirka ta Kudu ta nuna wannan a 4×100 na Olamfik ɗin Atens a 2004. Roland Schoeman ya buɗe da 48.17, Lyndon Ferns ya biyo da 48.13, suka yi wa kowa fintinkau tun kafin rabin tsere. Darian Townsend ya riƙe da 48.96, Ryk Neethling ya rufe da 47.91, jimilla 3:13.17, sabon tarihin duniya. Pieter van den Hoogenband na Holan ya yi 46.79 a ƙarshe, gudun da ba a saba gani ba a lokacin, amma tazarar ta riga ta yi yawa, azurfa ya samu. Tawagar da ba ta da zurfin mutane, a ganina, wannan tsarin ya fi dacewa da ita: zuba ƙarfinka a gaba, ka bar manya su ruɗe suna binka.

Na biyu da na uku su ne wuraren da ake ɓoye mai rauni, amma ka lura da wanda kake ɓoyewa. Yaron da zuciya ke ɗibarsa idan ya ga an wuce shi, kada ka ba shi wurin da zai shiga ruwa a baya.

Mai rufewa kuwa ba lallai ne ya zama mafi gudu ba. Ana neman wanda ya iya tsere da mutum, ba da agogo ba. A Sidni a 2000 Ostareliya ta sa Michael Klim a gaba, ya kafa tarihin duniya da 48.18, ta kuma bar Ian Thorpe a ƙarshe, alhali gwanintarsa a mita 200 da 400 take. Gary Hall Jr. na Amurka ya sha gabansa a tafiyar farko, amma a dawowa ƙarfin mai dogon zango ya yi aiki, Thorpe ya taɓa bango a 3:13.67, Amurka 3:13.86. Ranar ce Amurka ta fara rasa wannan tsere a Olamfik. Sai dai irin wannan zaɓi ba kullum yake biya ba. A Landan a 2012 Amurka ta ba Ryan Lochte rufewa da ratar sakan 0.55, ya yi 47.74, Yannick Agnel na Faransa ya yi 46.74 ya wuce shi a mitocin ƙarshe.

Da zarar ka miƙa takardar sunaye da jerinsu ga jami'ai, magana ta ƙare. Dole a yi ninkaya bisa jerin da aka rubuta, ba a sauya mutum sai da hujjar rashin lafiya daga likita. Ka karanta takardar sau biyu, ka ba mataimakinka ya sake karantawa, ka kuma tabbatar kowane yaro ya san lambarsa.

Mataki na biyar: canji

Nan gizo ke saƙa, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacin atisayen tawaga ya tafi.

Fara da fahimtar abin da na'ura take aunawa. A jikin bango akwai allon taɓawa, a kan dakalin tashi kuma akwai na'urar da ke jin lokacin da ƙafa ta rabu da shi. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce lokacin canji. In allon sakamako ya nuna 0.25, ƙafar ta bar dakali kwata na sakan bayan taɓawa. In ya nuna lamba mai alamar ragi, an riga an tashi kafin a taɓa. A na'urorin Omega da ake amfani da su a manyan gasanni ana yafe har zuwa ragin 0.03, abin da ya wuce haka kora ce, akwai kuma kyamarori a sama don tabbatarwa. A gasar duniya ta Melbon a 2007 Ian Crocker ya tashi da ragin 0.04 a share fagen karɓa-karɓar salo huɗu, aka kori Amurka, Michael Phelps da ko ruwan bai shiga ba ya rasa damar zinare na takwas. A Fukuoka a 2023 tawagar maza ta Birtaniya ta 4×100, wadda ake sa ran za ta hau mumbari, ita ma a share fage aka kore ta saboda tashi da wuri. Sauri ya haifi nawa.

To amma tsoro ma yana da farashi. Mai yin mita 100 a sakan 48 yana tafiyar mita biyu da ɗoriya a kowane sakan, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan ya kai santimita 20. Tawagar da ke canji a 0.40 sau uku ta ba wadda ke yi a 0.20 kyautar sakan 0.60, fiye da mita guda, ba tare da an fi ta gudu ba. A Beijin tazarar zinare da azurfa 0.08 ce kacal. Don haka abin nema shi ne tsakanin 0.15 da 0.30 a zagayen ƙarshe, a share fage kuma a ɗan sassauta zuwa 0.30 ko sama kaɗan idan gurbi ya tabbata. Wanda yake yawan buga 0.05 a atisaye kada ka yaba masa. Ranar gasa, da ihun jama'a a kunnensa, ragi zai buga.

Rabin aikin canji na mai isowa ne, ko da yake mai tashi ake zargi idan an yi kora. Ka koya masa abu huɗu. Daga tutocin da ke mita 5 kafin bango ba numfashi, kai a ƙasa. Kada ya sauya saurin hannunsa a mitocin ƙarshe, domin da wannan saurin abokinsa yake auna lokaci. Ya ƙare da cikakken sara, hannu a miƙe, jiki ya ɗan karkata gefe don ƙarin tsawo, ba ya sulale yana jiran bango ya zo ba, ba kuma ya ƙara wani guntun sara da ba a zata ba. Sannan ya daki allon da yatsu a tsakiyarsa da ƙarfi. Allon ba ya jin shafa, an yi shi ne yadda igiyar ruwa ba za ta kunna shi ba. Mai isowar da ya yi sulalen da bai saba yi ba, shi ya kori tawagarsa, ko da sunan wani ne ya fito a takardar alƙalai.

Shi kuma mai tashi, ya hau dakali tun abokinsa yana tsakiyar dawowa, ya gyara tabaransa tun a ƙasa. Ya miƙa hannuwa gaba yana bin mai isowa da su, idonsa a kan kansa da kafaɗunsa, ba a kan bango ba. A ƙasan kowane layi akwai baƙin zane da ya ƙare da siffar T mita 2 kafin bango. Yawancin 'yan wasa sukan fara wurga hannu lokacin da kan mai isowa ya iso wajen wannan alama, amma wannan mafari ne kawai, kowane mutum biyu sai sun nemo tasu alamar. Hannuwan su zagaya ta baya su dawo gaba, nauyin jiki ya bi su, ƙafa ta zama ita ce ta ƙarshe da za ta bar dakali. Jiki duka yana iya kasancewa a kan ruwa, muddin yatsan ƙafa ɗaya yana manne, doka ba ta karye ba.

Salon tashi iri uku ne. Akwai na ƙafa biyu a bakin dakali da wurga hannu kawai, shi ya fi sauƙin aunawa. Akwai na taku ɗaya, inda ƙafa guda take baya sai a kawo ta gaba tare da hannu. Akwai kuma wanda ya yaɗu tun da aka sa wa dakali matokarin ƙafa a baya: ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a bayan matokarin, ya tsallako shi, ya tashi da ƙarfin takun. Na ukun yana ba da gudu sosai, amma yawan motsi yana ƙara yawan wuraren kuskure, kuma ƙafa tana iya zamewa a jiƙaƙƙen dakali. Yaron da bai yi wata da watanni yana gwada shi ba, bar shi a na farko. Sheƙowa da gudu daga bakin kwami kuwa haramun ne.

Wajen atisaye, ka haɗa su bibbiyu daidai yadda za su bi juna a gasa: na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na huɗu, sannan 'yan ko-ta-kwana da kowa. Mai isowa ya taso daga mita 15 ko 20 da cikakken gudu. Canjin da aka gwada da rabin gudu ɓata lokaci ne, har ma yana koyar da kuskure. Ka kuma riƙa yin wasu a ƙarshen atisaye mai tsanani, lokacin da hannu ya yi nauyi, saboda mutumin da ya yi mita 85 da dukkan ƙarfinsa ba ya isowa kamar wanda ya huta. A 4×200 wannan bambanci ya fi fitowa, mai isowa yana zuwa a hankali fiye da yadda ido ya saba, mai jira kuma ya ƙagu.

In ba ku da na'urar auna canji, wayar hannu ta isa. Tsaya a gefe inda hoto zai ɗauki bango da dakali tare, ka ɗauka da tsarin tafiyar hawainiya. A hoto 240 cikin sakan, kowane hoto kusan 0.004 ne, a hoto 60 kuma kusan 0.017. Ƙirga hotuna daga taɓawa zuwa rabuwar ƙafa, ka rubuta. Bayan makonni za ka ga wanda hannunsa ya zauna da wanda yake kwan-gaba-kwan-baya. Kunnen koci da idonsa ba sa ganin 0.04, kada ka yarda da su.

Mataki na shida: abin da za a yi a cikin ruwa

Mita 100 tafiya ce da dawowa, juyi ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙona kai a tafiya. Yaro ya shiga ruwa yana bin wani, ya yi mita 50 na farko da saurin da bai taɓa yi ba, a mita 75 ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ka ba kowa lokacin da zai juya a kai, ka sa ya maimaita shi har jikinsa ya san shi ba sai an faɗa ba. Ya shiga juyin alkafura da gudu ba tare da ɗaga kai ba, ya tokari bango ya bi ta ƙarƙashin igiyar ruwan da ke biye da shi, ya yi bugun ƙafa biyu a haɗe gwargwadon abin da ya iya. Mita 15 iyaka ce, ba wajibi ba. Wanda bugunsa na ƙarƙashin ruwa bai kai gudunsa na sama ba, ya fito da wuri.

Wanda ya shiga a baya yana da wata dama. Mai gudu a gaba yana jan ruwa tare da shi, kuma na layin kusa zai iya matsowa jikin igiyar layi ya hau wannan ruwan, kamar mai babur da ya lafe a bayan tirela iska ba ta dukansa. Wurin da ya fi amfani shi ne daidai ƙugun na gaba ko ƙasa kaɗan. Abin da Jason Lezak ya yi ke nan a Beijin ranar 11 ga Agustan 2008. Phelps ya buɗe da 47.51, Garrett Weber-Gale ya yi 47.02, Jones 47.65, Lezak mai shekara 32 ya shiga ruwa Bernard yana gabansa da 0.59. Ya manne wa igiyar da ke tsakaninsu, ya bi shi har bayan juyi, sai a mitocin ƙarshe ya fito. Ya yi 46.06, Bernard 46.73, Amurka 3:08.24, Faransa 3:08.32. Darasin yana da fuska biyu: in kana baya ka matso, in kana gaba ka tsaya a tsakiyar layinka ko ka koma ɗaya gefen, kada ka ɗauki kowa kyauta.

A mita 200 haƙuri ya fi komai. Tsawon kwami huɗu ne, juyi uku, kuma ratar mita biyu ba abin tayar da hankali ba ce, ana cinye ta kaɗan-kaɗan. A Olamfik ɗin Los Anjalis a 1984 Michael Gross na Jamus ta Yamma, zakaran mita 200 na wannan gasa, ya shiga ruwa a bayan Bruce Hayes na Amurka, ya kamo shi tun da wuri har ya wuce. Hayes bai ruɗe ba, ya tsaya a kan nasa saurin, ya dawo a tsawon ƙarshe ya riga shi taɓawa: 7:15.69 da 7:15.73. Ka gaya wa yaranka cewa tsawo na uku shi ne inda ake sanin namiji, a nan kowa yake raguwa, wanda ya riƙe saurinsa a nan ya ci riba. Tawagar 4×200 kuma ba ta jure rami ko ɗaya. Dubi Birtaniya a Olamfik ɗin Tokyo a 2021: Tom Dean 1:45.72, James Guy 1:44.40, Matt Richards 1:45.01, Duncan Scott 1:43.45, jimilla 6:58.58, saura 0.03 su kamo tarihin da Amurka ta kafa a Rum a 2009. Mutum huɗun nan dai su suka sake cin zinare a Paris a 2024. Shekarun da suka yi suna karɓar juna ba ƙaramin jari ba ne.

Mataki na bakwai: ranar gasa

Ku isa da wuri a ɗumama jiki a ainihin kwamin gasa, kowane mutum biyu su gwada canji sau biyu ko uku a layin da aka ware don tashi. Dakali ya bambanta daga wuri zuwa wuri, hasken fitila a kan ruwa ma haka, zurfin kwami ma haka: na Paris mita 2.15 ne, bai kai mita 3 da aka saba gani a wasu manyan gasanni ba. Kowa ya san lambar da yake sa matokarin ƙafa a kai, a kuma yanke tun a ɗakin kira wanda zai gyara wa wani, domin na farko yana tashi na biyu yana da ƙasa da sakan 50 ya shirya. A riƙe hula da tabarau na ko-ta-kwana. Wanda ya yi tseren kansa a zaman nan ya wuce kai tsaye kwamin hucewa ya yi iyo a hankali, ya sha ruwa da abin da zai mayar masa da ƙarfi, hira da 'yan jarida ta jira.

Wanda ya gama nasa ya fita daga ruwa da wuri yadda jami'ai suka nuna, ba tare da ya tare wa kowa hanya ko ya sake dukan allon wani layi ba. Na ƙarshe ya zauna a layinsa har a sallame shi. Sauran ukun kuma, komai daɗin nasara, kada wanda ya kuskura ya faɗa ruwa kafin dukkan tawagogi su gama. A Fukuoka a 2001 matan Ostareliya sun riga kowa taɓa bango a 4×200, suka yi tsalle cikin ruwa don murna alhali wata tawaga ba ta iso ba, aka soke su nan take. Dokar ɗaya ce ga maza.

In allon ya nuna an kori tawagarka kuma kana da hujja, shugaban tawaga ne yake shigar da ƙorafi a rubuce ga alƙalin wasa cikin minti 30 da kammala tseren, tare da kuɗin ajiya da doka ta tanada. In ba kora, karɓi takardar sakamako mai ɗauke da lokacin kowane mita 50 da lokutan canji uku, ka zauna da ita kafin yamma. Da ita za ka yanke wanda zai dawo zagayen ƙarshe, wanda za a ce ya ɗan jinkirta tashi, da wanda za a ce ya rage wuta a tafiyar farko.